Gargaɗi ga Jama'ar Matameye: Wanda Ya Bugu Kada a Bar Shi Ya Kwana Shi Kaɗai

Jama'ar Matameye da Kance, da na Dungu, Yawuri, Kurni har Ɗan Barto, iyaye da ƴan'uwa, ku tsaya ku ji wannan. In aka shigo muku da ɗa ko ƙane ko maigida cikin dare an rirriƙe shi, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, bakinsa na warin barasa, kada ku tura shi ɗaki ku ja ƙyaure ku ce sai da safe a yi magana. Ku kwantar da shi ta gefe, ba rigingine ba, wani babba ya zauna kansa da fitila. In an kira sunansa, an girgiza kafaɗarsa, bai buɗe ido ba, in numfashinsa ya fara jinkiri yana yankewa, in jikinsa ya yi sanyi yana gumi, to ba barci yake ba, suma ce. Ku nemi mota ku nufi asibiti a daren nan. Faɗa da nasiha za su iya jiran gobe.

Na san akwai mai cewa me ya kawo zancen giya a garin Musulmi. Haramcinta ba abin jayayya ba ne, Suratul Ma'ida ta yanke hukunci, malamanmu kuma ba su gaji da faɗa ba. Amma hukunci daban, abin da ke shigowa gari daban. A Kano, inda ake aiki da shari'a tun shekarar 2000, Hisba ta farfasa kwalaben giya 240,000 a bainar jama'a a 2013, a Fabrairun 2022 kuwa waɗanda ta farfasa sun haura miliyan 3 da dubu 800. Wannan fa abin da aka kama ke nan. Mu kuma muna zaune a kan hanyar da ta taso daga Takeita ta ratsa garin nan ta faɗa Ɗan Barto, ta tsallaka Kwangwalam zuwa Daura da Kano, kuma ƙasarmu Nijar ba ta da dokar da ta hana sayar da giya gaba ɗaya. Wanda ya ce duk abin da ke bin wannan hanya gyaɗa ce da rake da atamfa, bai taɓa kwana a tasha ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ake shanta a gari irin namu. Ana sha a ɓoye, a tsaye, cikin gaggawa kada a gani. Ba a zaɓen abin da aka samu, sau da yawa ma cikin babu komai. In ta kayar da mutum, sai danginsa su ɓoye shi don kada duniya ta ji. Kunyar da ya kamata ta hana shi sha, ita ce daga baya ke hana a cece shi.

Duk sunan da aka ba ta, biya, burkutu, fito, bammi, wiski, jin ko ogogoro, abin da ke bugarwa a cikinta guda ne: wani ruwa mai suna itanol, marar launi, mai kamawa da wuta. Ƙwayoyin yis ne ke samar da shi idan suka ci zaƙi. A jiƙa dawa ta tsira, a niƙa, a dafa, a ajiye ta kwana biyu, zaƙinta ya juye itanol. Haka ruwan rake, haka dabino, haka inabi. Yis kansa yana mutuwa idan itanol ya kai wajen kashi 15 cikin 100, shi ya sa abin da aka tsima kawai ba ya wuce nan: biya wajen kashi 5, burkutu kusan haka, giyar inabi wajen 12. Mai son ya wuce wannan iyaka sai ya ɗora tsimin a wuta, ya kama tururinsa ya sanyaya, ya samu mai kashi 40 ko fiye. Wiski da jin da ogogoro ke nan. Itanol ɗin nan shi ne a cikin alkol da ake goge fata da shi kafin allura, yana kashe ƙwayoyin cuta saboda yana lalata duk ƙwayar halitta mai rai da ya jiƙa. Harshe da maƙogwaro da tumbi su ma nama ne mai rai.

Yanzu ku ɗauki ƴar ledar giyar nan ku dube ta da kyau, in kun tsince ta bayan katanga ko a aljihun wandon da aka kawo wanki. Ba ta kai tafin hannun yaro ba. An yi mata zanen zaki ko doki ko damtsen ƙato, wata har da hoton abarba, kusurwa ɗaya a yage da sawun haƙori. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, akwai lamba: 40%, ko 43%. Lambar nan ita ce zancen. Leda mai santilita 5 a kashi 40 tana ɗauke da itanol giram 16. Babbar kwalbar biya mai santilita 65 tana da wajen giram 25. Wato leda biyu, waɗanda yaro zai tsotse kafin ya ƙarasa daga tasha zuwa kasuwa, sun fi babbar kwalba ƙarfi, kuma ba su cika ciki balle ya ji ya isa haka. Ga araha, ga shiga aljihu, ga shi babu ƙarar kwalba da za ta tona asiri. Shi ya sa ƙasashe suka tasar mata: Kodebuwa ta hana ta a 2016, Tanzaniya a 2017, Uganda a 2019. A Najeriya hukumar NAFDAC ta sanar a farkon 2024 cewa ta haramta giyar leda da ta kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, bayan wa'adin shekara 5 da aka ba kamfanoni. Masu masana'antu suka yi ca, aka yi ta ja-in-ja da ɗage wa'adi. Ko yaya aka ƙare, mu ƴan bakin iyaka mun san halin kaya: abin da aka kora daga babbar kasuwa ba ya komawa masana'anta, ƙananan kasuwannin ƙetare yake nema.

Akwai kuma wadda ke shigowa da sunan magani. Ƙaramar kwalba, ruwa baƙi-baƙi mai ɗaci, hoton saiwa da ganye, mai talla yana rantsuwa maganin basir ne, maganin sanyi, maganin ciwon baya, maganin ƙarfin maza. Da yawa daga irin waɗannan saiwoyi ne aka jiƙa cikin barasa mai ƙarfi. Dattijon da bai taɓa bi ta ƙofar mashaya ba yana kurɓa safe da yamma, ya ji ɗumi ya ratsa shi, ciwon ya lafa, ya ce maganin yana ci. Kwanci tashi, ran da bai kurɓa ba hannu na rawa. Kafin ku sha kowane ruwan magani da ba daga farmasi ya fito ba, ku ba ɗan lakwal ya karanta muku. In ya ga kalmar alcool ko alcohol, ko lamba da alamar % da vol a gefenta, giya ce, ko me mai talla ya kira ta. In babu rubutu sam, abin ya fi muni, don babu wanda ya san me aka zuba.

Giya ba ta jiran narkewa. Kaɗan daga cikinta tana ratsa bangon tumbi, mafi yawa ta wuce ƙaramin hanji ta shige jini kai tsaye, cikin ƴan mintuna ta isa ƙwaƙwalwa. In cikin babu abinci abin ya fi sauri. Mutane na zaton kuzari take sawa, don sun ga mashayi ya fara da surutu da dariya da cika baki. A gaskiya kashe aikin ƙwaƙwalwa take yi mataki-mataki, kuma wurin da take fara kashewa shi ne na goshi, inda kunya da lissafi da tsoron abin da zai biyo baya suke. Shi ya sa mai kawaici ya zagi surukinsa, matsoraci ya zaro wuƙa. Daga nan ta gangara wajen ƙeya, inda ake daidaita tafiya da motsin hannu, sai tangaɗi, harshe ya yi nauyi, ido ya ga abu ɗaya biyu. In aka ƙara, ta toshe wurin ajiyar tunani, mutum ya yi faɗa, ya yi alkawari, har ya saki mata, da safe ko ɗaya bai tuna ba. Mataki na ƙarshe shi ne gindin ƙwaƙwalwa, wanda ke tafiyar da numfashi da tari ba tare da saninmu ba. In ta kai nan, rai ake magana.

Ƙannena ƴan kabu-kabu, ku na fi ji. Tun a matakin farko, lokacin da kake jin kanka garau, har kana ganin yau ka fi kullum iya tuƙi, tazarar da ke tsakanin ganin akuya a titi da taka birki ta riga ta ƙaru, idonka ya rage ganin gefe. Jin ƙwarewar nan ma aikin giyar ne. Kuma ba kai kaɗai ke kan babur ɗin ba, matar wani ce a bayanka da goyo.

Fitar da giya daga jiki aikin hanta ne, fiye da kashi 90 cikin 100, kuma hanta ba ta sauri don kowa: giram 7 zuwa 10 take iya ƙonawa a awa ɗaya. Wanda ya sha leda huɗu da tsakar dare, giram 64 ke nan, da asuba bai rabu da ita ba ko ya yi wanka ya fesa turare. Shayi mai kauri, Nescafé, goro, ruwan tsamiya, lemon tsami, kwara ruwan randa a kai, babu wanda ke rage ko giram ɗaya daga jini. Iyakarsu su buɗe wa bugagge ido ya tashi ya hau babur, gara ma yana kwance. Ga shi giya tana hana ƙoda riƙe ruwa, mutum ya yi ta fitsari jikinsa na bushewa, a garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura 40 a ma'auni. A hunturu kuma ɗumin da mashayi ke ji yaudara ce: jijiyoyin fata ne suka buɗe, zafin jiki yana tsiyayewa waje, wanda ya kwana a fili sanyi ya fi saurin kama shi.

Mu tsaya kan wanda aka kwantar, don a nan ake asarar rayukan da za a iya ceta. Giyar da ke tumbinsa tana ci gaba da shiga jini bayan ya daina sha, saboda haka wanda ya shigo da ƙafarsa yana tangaɗi yana iya zurfafa cikin suma bayan awa ɗaya. Uwa ta leƙa, ta ji munshari, ta ce alhamdu lillahi ya samu barci. Inna, ki saurari munsharin nan da kyau. In akwai gurgurar ruwa a maƙogwaro, in ana yin shiru mai tsawo tsakanin numfashi da numfashi, daƙiƙa 10 ko fiye, in an ƙirga numfashin bai kai 8 a minti ɗaya ba, to harshe ne ya faɗa baya ya tare hanya, ko ƙwaƙwalwa ta fara sakin aikinta. Amai kuwa shi ne babban makashi. Mai rigingine wanda tarinsa ya mutu, amansa huhu yake komawa, ya shaƙe shi ba ko motsi. Don haka a juya shi gefe, a lanƙwasa gwiwar sama ta tokare ƙasa, a sa bayan hannunsa ƙarƙashin kumatu, a ɗan ɗaga haɓa, baki yana kallon ƙasa. Ko a cikin mota haka za a riƙe shi. Kada a ɗura masa komai, ko nono, ko manja, ko ruwan kanwa, ko rubutu. A yi masa addu'a, amma a bar bakinsa, don wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya haɗiya daidai. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro wai ya amayar. In kuma faɗuwa ya yi ya bugu a kai, kada warin giya ya rufe muku ido, wata sumar ta jinin da ke taruwa a cikin kai ce.

Haɗarin yana ninkuwa idan giya ta haɗu da ƙwaya, kuma a yankinmu wannan haɗuwa ba baƙuwa ba ce. Tramol, kodin da diyazefam duk suna danne numfashi, giya ma haka. Adadin da jiya bai kayar da mutum ba, yau da ƙwaya biyu a kai ya kai shi kushewa. Tramol kuma yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba. Masu gauraya ta da lemon ƙara kuzari su ma su sani, lemon ɓoye buguwar yake yi, mutum ya sha fiye da ƙima bai ji ba. Har magungunan asibiti na halal ba su jituwa da ita: farasitamol mai yawa a kan giya hanta yake ci, maganin tarin fuka haka, mai shan maganin suga kuwa sugansa na iya faɗuwa ƙasa ya suma.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan, shi ne ma ya sa na ga jinkiri bai kamata ba. Metanol ɗan'uwan itanol ne, kamarsu ɗaya, warinsu kusan ɗaya, harshe ba ya bambanta su. Na masana'antu ne, ana aiki da shi a fenti da man ƙonawa. Yana da araha, don haka masu haɗa giyar bayan fage suke zuba shi don ta yi ƙarfi ta yi auki. Mililita 10, wato ƙaramin cokali biyu, na iya makantar da mutum har abada. Mililita 30 na iya kashe shi. A Afrilun 2015, a garin Ode-Irele na jihar Ondo, mutane suka riƙa kamuwa da ciwon kai, ido ya rufe, su mutu cikin kwana ɗaya, aƙalla 18. Da farko aka ce fushin abin bautar garin ne, sai gwaji ya nuna metanol ne a cikin ogogoro. Wata biyu bayan haka ya kashe wajen mutum 70 a jihar Ribas. A Iran, inda aka haramta giya tun 1979, fiye da mutum 700 suka mutu tsakanin Fabrairu da Afrilun 2020, bayan jita-jita ta bazu wai barasa na maganin korona. Na Iran ɗin ya fi kusa da halinmu. Inda ake sha a ɓoye ne gurɓatacciya ke samun kasuwa, a nan ne kuma wanda ta kama ke tsoron zuwa asibiti har lokaci ya ƙure.

Makircin metanol jinkirinsa ne. Mutum ya sha, ya ɗan bugu, ya kwana ya tashi lafiya lau, har ya tafi gona. A cikin awa 12 zuwa 24 hanta tana juya shi zuwa wata guba mai tsami da ke cin jijiyar ido, tana gurɓata jini. Sai ciwon kai, amai, murɗar ciki, numfashi mai zurfi da sauri, haske yana damun ido, gani ya yi dishi-dishi kamar an shiga hazon hunturu. Duk wanda ya sha wani abu jiya ko shekaranjiya, yau ya ce idonsa na hazo, a ɗauke shi yanzu-yanzu, kada a jira la'asar, kada a ce zazzaɓi ne a sayo ƙwaya a tebur. Akwai magani in an zo da wuri, wani lokaci kuma sai an tace jini da na'urar wankin ƙoda, wanda sai an dangana da Babban Asibitin Damagaram, kusan kilomita 90 daga nan. Kowace awa da aka ɓata a gida, daga ido ake cire ta. A nemo duk waɗanda suka sha tare da shi a tafi da su, ko suna rantsuwa lafiyarsu ƙalau. Alkol na goge ciwo, da turare, da ruwan goge hannu da ya yawaita tun zamanin korona, babu na sha a cikinsu ko an sirka da lemo.

Wanda giya ba ta kayar da shi dare ɗaya ba, a hankali take binsa. Farko kitse ya taru a hanta, babu ciwo babu alama, kuma in an daina sha cikin ƴan makonni yana washewa. In aka ci gaba sai kumburi, daga nan tabo, hanta ta ƙanƙance ta taurare, wannan kam ba ya komawa. Ido ya yi ɗorawa, ƙafa ta kumbura, ciki ya cika da ruwa alhali fuska da hannu na ramewa, rannan a yi aman jini don jijiyoyin hanyar abinci sun fashe. A nan ne za a ce sammu ne, a fara zargin kishiyar uwa ko abokin kasuwa, a sayar da awaki a kai wa boka. Hantar mutumin yankinmu kuwa dama ba hutacciya ba ce. Cutar hanta nau'in B ta yi yawa a Nijar da arewacin Najeriya, da yawa sun ɗauke ta tun suna jarirai ba su sani ba. Gyaɗa da masara da aka adana da danshi suna yin fumfuna mai gubar afalatoksin, ita ma hanta take ci, mu kuwa ƙasar gyaɗa ce tun kakanni. Wanda ya ɗora giya a kan waɗannan biyu ya gajarta wa kansa hanya zuwa sankarar hanta. Duk mai sha, ko wanda ya taɓa yi ya bari, ya je a gwada jininsa a san matsayin hantarsa.

Tun 1988 hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sa giya a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, rukuni ɗaya da taba: na baki, maƙogwaro, hanyar abinci, hanta, babban hanji da nono. Giya tana ta da hawan jini, tana kawo shanyewar ɓarin jiki, tana ƙona tumbi, tana raunana garkuwar jiki har tarin fuka ya samu ƙofa. Ƙarfin mazan da ake sayenta dominsa ma, ita ce ke rage shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2 da dubu 600, miliyan 2 daga ciki maza, kuma a Janairun 2023 ta fito ƙarara ta ce babu wani adadi da za a sha a ce ba shi da illa.

Mai juna biyu in ta sha, ɗan cikinta ya sha, domin giya tana ratsa mabiyiya, kuma lahanin da take yi wa ƙwaƙwalwar ɗan tayi ba ya warkewa. Ƴan'uwa mata, ku binciki kwalaben da ake kawo muku har ɗaki da sunan maganin sanyi ko na gyara. Ƙaramin yaro kuwa kurɓi kaɗan ya isa ya zubar da sugan jininsa ya yi jijjiga. Leda mai hoton abarba da aka yar da saura a ciki, ɗan shekara uku lemo yake gani.

Sai maganar barin giya, wadda kuskure a cikinta shi ma yana kisa. Wanda ya daɗe yana sha kullum, ƙwaƙwalwarsa ta saba aiki da giya a kanta. In aka yanke masa dare ɗaya, cikin awa 6 zuwa 24 sai rawar hannu, gumi, faɗuwar gaba, rashin barci. Wasu su yi jijjiga a kwana na farko ko na biyu. A kwana na biyu zuwa na uku wasu su rikice, zazzaɓi ya rufe su, su riƙa ganin ƙwari da macizai a bango. Za a ce iska ce. Ciwo ne da likita ya sani, yana da magani, ana ba da mai kwantar da jijiya da bitamin B1 da ƙarin ruwa, in ba a yi ba kuma yana iya kisa. Saboda haka kulle mashayi a ɗaki ko kai shi a sa masa mari ba magani ba ne. Ba mu manta ba, a Satumban 2019 ƴan sanda suka fito da mutum wajen 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, ƴan makonni bayan haka aka fito da wasu gommai a nan kusa da mu, Daura, da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Iyayen da suka kai su gyara suke nema, abin da suka samu ke nan. Wanda ya yi niyyar bari, Allah ya ba shi iko, amma ya fara da asibitin gundumar nan ko cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa, ya faɗi gaskiyar abin da yake sha a rana. Kuma kada in ya koma sau ɗaya a ce ya lalace a sallama shi, komawa tana cikin halin ciwon, sai a sake ɗaura niyya.

Malamanmu, in kun yi wa'azin haramci, ku ƙara da cewa kai bugagge asibiti ceton rai ne, ba goyon bayan saɓo ba, don daga bakinku jama'a za su fi yarda. Masu unguwanni, kowace unguwa ta san mai motar da za a buga wa ƙofa da tsakar dare. Shugabannin fadar samari da na tashar kabu-kabu, kun fi kowa sanin wanda ke sha da inda yake saye, kada ku bar shi ya ɗauki fasinja, kada kuma ku ajiye shi a bakin ƙofar gidansu ku gudu.

In kun isa asibiti, ku faɗi abu huɗu ba tare da kwana-kwana ba: me ya sha, nawa, ƙarfe nawa, da wace ƙwaya ya haɗa. Ma'aikacin jinya ba alƙali ba ne, riƙe sirrin majiyyaci yana cikin aikinsa, amma in kuka ce masa zazzaɓi ne zai ɓata lokaci yana neman zazzaɓi. Ku tafi da ledar ko kwalbar, ko ta ƙare. In kuma mutum biyu ko fiye suka kamu da ciwon kai da amai da hazon ido bayan sun sha abu ɗaya, a sanar da shugaban asibiti da jandarma a ranar, a faɗi inda aka sayo, domin sauran jarkar tana nan ana ɗurawa a kwalabe.